REDIYON CETO: Minti Goma Tsakanin Rai Da Ajali A Ƙarƙashin Dusar Ƙanƙara

Ran Jumma'a 17 ga watan Fabrairu na shekarar 2012, Yarima Friso, ɗa na biyu ga Sarauniya Beatrix ta ƙasar Holan, ya fita wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kusa da garin Lech da ke ƙasar Ostiriya. Shi da abokinsa suka bar hanyar da ma'aikata suka share suka yi wa alama, suka shiga gangaren da babu mai kula da shi, alhali kuwa hukuma ta riga ta yi gargaɗi cewa haɗarin zaftarewar ƙanƙara a ranar ya kai mataki na 4 daga cikin matakai 5. Ba a daɗe ba dusar da ke bisa gangaren ta ɓalle, ta kwashe Yariman ta binne shi.

Yana ɗauke da 'yar na'urar nan da ke aika sigina daga ƙarƙashin ƙanƙara, kuma da taimakonta ne masu ceto suka gano inda yake. Amma kafin a tono shi ya yi kimanin minti 25 a binne. An kai shi asibitin Innsbruck, likitoci suka bayyana cewa rashin iska ya yi wa ƙwaƙwalwarsa mummunar illa. Bai sake komawa hayyacinsa ba har ya rasu ran 12 ga Agusta, shekara ɗaya da rabi bayan haɗarin, watau a 2013, yana da shekara 44 da haihuwa.

Na'urar ba ta gaza ba, ta yi aikin da aka ƙera ta dominsa. Abin da ya ƙure shi ne lokaci. Saboda haka duk wanda zai sayi wannan na'ura, wadda za a kira rediyon ceto a cikin wannan bayani, tambayar da ta kamata ya fara yi wa mai kanti ita ce: minti nawa za ta rage wa mai nema?

YADDA TSAUNI KE ZUBOWA

Ga mai karatu wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, ya kyautu a ɗan yi bayani. A tsaunukan Alps na Turai da manyan tsaunukan Amurka da Kanada, dusar tana sauka ne a lokuta dabam-dabam cikin hunturu, kowane zubi ya kwanta bisa wanda ya riga shi, har ta zama hawa-hawa. Wani hawan yana da ƙarfi, wani kuwa garas-garas yake kamar sukari. In hawa mai ƙarfi ya kwanta bisa mai rauni a gangaren da karkatarsa ta kai tsakanin digiri 30 da 45, nauyin mutum guda ya isa ya karya na ƙasan, sai na saman ya tsage ya taho gaba ɗaya kamar an ture bango. Cikin 'yan daƙiƙoƙi gudunsa kan wuce kilomita 100 a sa'a. Da zarar ya tsaya kuma, sai dusar ta cure ta yi tauri, wanda ke ciki ba ya iya ko motsa hannu, balle ya tono kansa.

A filayen wasa na kuɗi akwai ma'aikata da ke tayar da nakiya da sassafe don su zubo da dusa mai haɗari kafin jama'a su iso. Masu shiga dajin tsauni, waɗanda ke hawa da ƙafarsu don neman dusar da ba a taka ba, su ba su da wannan gata. A tsaunukan Alps kaɗai, kimanin mutum 100 ke mutuwa ta wannan hanya a kowace shekara, kuma a kusan haɗari 9 daga cikin 10 wanda abin ya ci, ko wani cikin 'yan tafiyarsa, shi ne ya tayar da zaftarewar.

LISSAFIN MINTOCI

A shekarar 1994 wani likita mai suna Hermann Brugger da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan mutanen da ƙanƙara ta binne a ƙasar Suwizalan daga 1981 zuwa 1991. Suka gano cewa cikin waɗanda aka tono kafin minti 15, kashi 92 daga cikin 100 sun rayu. Da aka kai minti 35, waɗanda suka rayu ba su wuce kashi 30 ba. A 2024 aka sake duba lissafin da bayanan shekara 40, sai masanan suka ce a daina dogara da minti 15, a riƙa ƙidaya minti 10. Mafi yawan masu mutuwa, kimanin kashi uku cikin huɗu, shaƙewa ce ke kashe su. Sauran galibi buguwa ce da dutse ko itace. Sanyi, wanda mutum zai zaci shi ne babban makashi, kaɗan ne rabonsa, don ba a cika kaiwa gare shi ba.

To, jirgi mai saukar ungulu, kome hanzarinsa, da wuya ya tashi ya iso ya sauke masu ceto cikin minti 10. Karnukan ceto ma sai an kawo su. Wanda ke wurin a wannan ɗan lokaci shi ne abokin tafiya, jikinsa na rawa, yatsunsa sun ƙage saboda sanyi, wataƙila ma ƙaninsa ne ko matarsa ke ƙarƙashin ƙasa. Wannan mutumin, a wannan hali, shi ne zai yi aiki da na'urar.

DAGA KARE ZUWA KWAMFUTA

Rediyon ceto bai fi tafin hannu girma ba. Kowa cikin ayari yana rataye da nasa a jiki, yana aika sigina kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa. In ƙanƙara ta binne wani, sai sauran su juya nasu daga aikawa zuwa karɓa, su bi siginar har su tsaya a kansa.

Wani injiniya Ba'amurke, John Lawton, na ɗakin binciken jiragen sama na Cornell da ke birnin Buffalo, shi ya ƙera na farko mai aiki sosai a 1968, aka fara sayar da shi a 1971 da sunan Skadi. A daidai wannan zamani kuma rundunar sojan Suwizalan ta sa kamfanin Autophon ya ƙera mata nata, aka raɗa masa Barryvox, watau muryar Barry. Barry wani kare ne na masaukin matafiya na mashigin Saint Bernard da ya rayu daga 1800 zuwa 1814, wanda ake cewa ya ceci fiye da mutum 40; har yau surarsa tana gidan tarihi na birnin Bern.

Sai dai an sami matsala. Skadi tana magana a kan zangon kilohas 2.275, Barryvox kuwa a kan kilohas 457, don haka ɗaya ba ta jin ɗaya. Mutum biyu na iya fita tare kowa da na'urarsa, amma tamkar kurma ne da bebe. A 1980 kamfanin Ortovox na Jamus ya fito da mai zango biyu don a rage wannan ɓarna, sa'an nan a 1986 hukumar ceto a tsaunuka ta ƙasa da ƙasa ta tsai da shawara a kan 457, wanda ke ƙasa kaɗan da inda matsakaicin zango na akwatin rediyo ya fara. Amurka ta bi sahu a 1996. Yau na'urar kowane kamfani tana jin ta kowane kamfani, saboda haka ba dole ne 'yan ayari su sayi iri ɗaya ba.

Na'urorin farko eriya guda gare su, kuma ƙara kawai suke yi. Mai nema ya kasa kunne, in ƙarar ta ƙaru ya ci gaba, in ta ragu ya juya. Gwanaye sun ceci rayuka da su, amma gwanintar tana bukatar horo mai tsawo, domin siginar ba ta tafiya a miƙe. Tana fita daga na'urar da aka binne ne a lanƙwashe kamar baka, ƙarfinta kuma yana sauyawa gwargwadon yadda mai nema ya riƙe tasa. A 1997 kamfanin Backcountry Access na jihar Colorado ya fito da Tracker, mai eriya biyu da 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke nuna wa mai nema inda zai dosa da yawan mitocin da suka rage. A 2003 kamfanin Pieps na Ostiriya ya ƙara eriya ta uku, wadda ke hana na'urar ruɗewa sa'ad da aka iso daf da wanda aka binne da zurfi.

ABIN DA ZA A DUBA

Daga wannan tarihi sharaɗi na farko ya fito a sarari: a sayi mai eriya uku. Tsohuwar na'ura mai eriya guda da aka gada ko aka samu da araha a hannun wani, wurinta gidan tarihi. Ban da wahalar aiki da ita, tsufa kan sa zangonta ya goce daga 457, har sababbin na'urori su kasa jin ta sosai. Ga shi kuwa mai ita ba zai sani ba sai ranar da yake ƙarƙashin ƙasa.

Na biyu shi ne sauƙi. Farashin na'urorin yau galibi yana tsakanin dala 300 da 500 na Amurka, kuma masu tsadar an yi su ne don jagororin tsauni da ma'aikatan ceto, da maɓallai da zaɓuɓɓuka masu yawa. Wanda ke fita sau biyar ko shida a hunturu, in ya sayi irin wannan don burga, ya sayo wa kansa ruɗani ne. Abin da ya fi masa shi ne wadda zai iya juya ta zuwa nema da safar hannu mai kauri, wadda lambobinta ke karantuwa cikin hasken rana da cikin hazo. Akwai dai abu biyu da bai kamata a rasa ba ko a mai sauƙin: maɓallin da ke sa na'ura ta yi watsi da siginar wanda aka riga aka gano don a nemi na gaba, in mutum biyu ko uku aka binne, da kuma dabarar komawa aikawa da kanta in mai nema ya daina motsi, saboda zaftarewa ta biyu kan binne masu ceto.

Masu talla sun fi son maganar nisan ji, wannan ya ce mita 50, wancan ya ce 70. Nisa yana da amfani, don yana rage yawan kai da kawowa a kan tarin ƙanƙara kafin a kama sigina. Amma lambar da ke jikin kwali ana auna ta ne a yanayi mafi kyau, kuma bambancin mita goma ba ya cike gurbin mai nema da bai iya ba.

Akwai wani abu ƙarami da aka daɗe ba a kula da shi ba, watau makunni. A watan Maris na 2020 ƙanƙara ta binne wani ƙwararren ɗan wasan zamiya, Nick McNutt, kusa da Pemberton a yammacin Kanada, ana cikin ɗaukar fim. Abokansa suka juya na'urorinsu zuwa nema, shiru. Da sandar tsira suka yi ta lalube har Allah ya sa suka dace da shi cikin kimanin minti biyar. Da aka duba na'urarsa, samfurin Pieps DSP, sai aka tarar makunnin ya goce daga wurin aikawa. Bayan ƙorafi mai yawa, a 2021 aka fitar da sanarwar gyara a kan dubban na'urori na wannan samfuri, aka ba masu su sabon gida mai tauri da ke danne makunnin. Tun daga nan masu saye da hankali kan gwada kullin makunni da hannunsu a kanti, su kuma yi rajistar na'urar a wurin kamfani don sanarwa irin wannan ta same su.

Batir kuwa, ƙa'idar Turai ta wajabta cewa sabon zubi ya iya aikawa har sa'a 200, sa'an nan ya rage ƙarfin yin neman sa'a guda. A sa irin da kamfanin ya ambata kawai, a kuma cire shi in hunturu ya wuce, kada ya zubo ya ci ƙarfen ciki. Wayar hannu, da kyamara, da safar hannu mai ɗumama kanta da lantarki, da maganaɗisun da ke jikin wasu riguna, duk suna iya dagula sigina. Abin da masana suka tsayar shi ne a nisanta su da santimita 20 daga na'urar da ke aikawa, da santimita 50 daga wadda ke nema. A rataya ta a ƙirji ƙarƙashin rigar sama, ko a aljihun wando mai zif da igiya ɗaure. Wanda ya jefa ta cikin jakar goyo, ana iya tono jakar a bar shi.

Kada kuma a ruɗe ta da ɗan ƙyallen RECCO da ake ɗinkawa a jikin wasu riguna da takalma. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Magnus Granhed, ya ƙirƙiro shi bayan ya rasa abokinsa a zaftarewar ƙanƙara a 1973. Ƙyallen ba ya aika kome, sai ma'aikatan ceto sun zo da nasu injin sun haska shi, kuma mai sanye da shi ba zai iya neman kowa da shi ba.

SHEBUR DA SANDA

Rediyon ceto yana kai mai nema ne zuwa wurin da bai wuce taku ɗaya ko biyu ba. Daga nan sai sandar tsira, wadda ake naɗewa gaɓa-gaɓa, tsawonta daga santimita 240 zuwa 300. Ana soka ta a dusar har a ji ta taɓa jiki, a bar ta a tsaye. Sa'an nan aikin da ya fi cin lokaci ya fara. Don a fito da wanda ke zurfin mita ɗaya, sai an kwashe fiye da tan guda na dusa, watau nauyin da ya haura buhun siminti 20, da hannu, cikin mintocin da suka rage. Shebur na roba kan karye a irin wannan dusa, don haka na ƙarfe ake saye. Ba a kuma haƙa daga sama kai tsaye, don kada a tattake ɗan ramin iskar da ke gaban fuskarsa. Ana farawa daga gefen gangare a nufi sandar, masu haƙa suna jere suna tura dusar baya, suna canjin na gaba da zarar ya gaji.

Shi ya sa a garuruwa da dama na Alps da Amurka aka tanadi filayen gwaji inda aka binne na'urori a ƙasa, kowa ya zo ya nema yana duba agogo. Malaman wannan fanni kan ce wa ɗalibansu su yi gwajin a farkon kowane hunturu, da na'urar da za su fita da ita, da safar hannun da za su sa. Kafin ayari ya bar bakin hanya kuma, mutum guda kan tsaya ya juya tasa zuwa nema, sauran su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mitoci, yana tabbatar da cewa ya ji kowa. In na ƙarshe ya wuce, sai shi ma ya mayar da tasa zuwa aikawa, ya nuna wa na kusa da shi fuskarta, kana a kama hawa.