Ko Ka San Abin Da Ke Sa Kafiretar Tsohuwar Mota Zubar Da Mai?

Mai tsohuwar Peugeot 504 da ya ji warin fetur da sassafe yakan fara zargin tanki ko tiyo. Sau da yawa laifin na wata 'yar allura ne da ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, tana can cikin kafireta.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa har yau ba a rasa ta a garejinmu. Galibin masu shan fetur daga cikinsu kafiretar Solex ce a kansu. Aikinta gauraya mai da iska, kusan awo 15 na iska ga awo 1 na fetur, kafin injin ya ƙona. Domin awon ya tsaya daidai, akwai ɗan kofi a jikinta da ke riƙe mai a mataki guda. Cikin kofin akwai wani ɗan ƙoƙo rufaffe mai yawo a kan mai, na tagulla ko na roba. Mai na hawa, ƙoƙon na tashi, har ya tura allura ta toshe ƙofar shigowa. Mai ya ragu, ƙoƙon ya sauka, ƙofa ta buɗe. Wanda ya taɓa leƙa cikin tankin ruwan ban-ɗaki na zamani ya ga irin wannan dabara. Tsohuwa ce ƙwarai: tun 1893 Bajamushen nan Wilhelm Maybach ya yi kafireta mai ita.

To, famfon mai ba ya tambaya ko kofi ya cika. Muddin injin na juyawa, turowa yake yi. Ke nan allurar nan ita kaɗai ke tsare ƙofa, kuma ƙwayar tsatsa guda daga tsohon tanki, ko yashin da ya biyo man galan na bakin hanya, ta isa ta hana ta zama. Sai mai ya cika ya tumbatsa, wani ya gangaro ta waje, wani ya kwarara cikin injin. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: baƙin hayaƙi a salansa, filogi ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe, mota ta ƙi tashi idan ta yi zafi, tanki kuma ya riƙa ƙarewa ba dalili.

Za ka ga bakanike ya ɗan ƙwanƙwasa gefen kafireta da ƙotar sukundireba, zubar ta tsaya nan take. Allurar ce ta maƙale ya girgiza ta. Wannan zai kai ka gida, amma dattin yana nan.

Gyara na gaskiya shi ne a bari injin ya huce, a cire kan batir, a kwance murfin a fito da ƙoƙon. Gogaggen bakanike yakan kai shi kunne ya kaɗa. In ya ji ruwa na motsi a ciki, ya huje ya sha mai, ya yi nauyi, ba zai ƙara tashi ba. In ana shakka a tsoma na tagulla cikin ruwan zafi: iskar ciki za ta kumbura, 'yan kumfa su jero daga inda hujin yake. Sannan a dubi bakin allurar a cikin haske. Idan shekaru sun yi mata zobe a tsini, wanki ba zai yi mata komai ba, sai sabuwa ita da mazauninta. A daidaita tsayin ƙoƙon yadda littafin motar ya ce, a sa sabon gasket, a canza matatar mai, in ba haka ba jibi ma an dawo.

Inda aka fi yin ɓarna wajen ɗauri ne. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi. Yaron gareji ya ga danshi a bakin murfi, sai ya dage ya ƙara tamke sukurori, murfin ya lanƙwashe, zubar da ta kasance ɗigo ta koma tsiyaya, wani lokaci ma zaren sukurun ya cinye. A hankali ake ɗaurewa, wannan kusurwa sannan ta ɗaya ɓangaren. Shafa sabulu ko gam kuwa, a ganina, yaudarar kai ce: fetur na narkar da yawancin gam, ɓarɓashinsa kuma ya koma ya toshe ƙananan hanyoyin mai.

Masu Volkswagen Beetle, wadda ita ma aka haɗa a Legas, suna da tasu matsalar ta daban. Ɗan bututun tagullar da ake sa tiyon mai a kansa cusa shi kawai aka yi a jikin kafireta, idan ya tsufa yakan zare, famfo ya yi ta feshin mai a kan injin mai zafi. Injin kuma a baya yake, sau da yawa sai na bayanka ne zai fara ganin hayaƙi. A Turai kuwa, man da ake gaurayawa da sinadarin etanol yana cin tsofaffin tiyo da robobi, shi ya sa masu tsofaffin motoci a can suke sauya su da irin na yanzu.

Galibin sababbin motoci sun rabu da kafireta tun wajen farkon shekarun 1990, amma tana nan a yawancin babura da ƙananan janareta, da allurarta da ƙoƙonta.

Bayan an gama gyara, zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In ka ji warin fetur, fetur ɗin ya gangara ya tsinka baƙin man, a juye a zuba sabo kafin a hau hanya. Kuma ka ajiye abin kashe gobara a motar, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi.