Kafin Uwargida Ta Kama Ɗaki a Garin Kan Dutse na Italiya

 Yau zancen tafiya za mu yi. Galibi idan tafiya ƙasar waje ta taso, maigida ne ke ɗawainiyar tikitin jirgi da canjin kuɗi, shi ne kuma ke kama masauki, uwargida sai dai ta ji an ce ta shirya kaya. Amma da zarar an sauka, ita ce za ta san ko masaukin ya yi ko bai yi ba, domin ita ce mai goyo, ita ce mai riƙon hannun Hajiya a kan matakala, ita kuma za a tambaya abin da yara za su ci. Saboda haka ya kamata a ji ta bakinta tun ba a biya ko kwabo ba.

A ƙasar Italiya akwai tsofaffin garuruwa masu yawa waɗanda mutanen da suka gina a kan duwatsu don tsoron harin maƙiya. Bari mu ɗauki guda ɗaya mu yi misali da shi, watau Orvieto, a lardin Umbria, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga birnin Rum ta nufi Filorans. Daga Rum tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Garin yana zaune ne a kan wani ƙaton falalen dutse wanda gefensa ya miƙe tsaye kamar bango, dutsen kuwa asalinsa tokar aman wuta ce da ta daskare. Tun kafin Rumawa su yi ƙarfi wata al'umma da ake kira Etruskawa ke zaune a kansa. Matan da suka je Rum sayayyar takalma da jakunkuna, ko rakiyar maigida wurin taro, suna iya ware kwana biyu su je su huta a can.

To, abu na farko da za ki riƙe shi ne, Orvieto biyu ce. Akwai ta sama, tsohon gari ke nan, akwai kuma ta ƙasa inda tashar jirgi take, wadda ake kira Orvieto Scalo. Otal-otal na ƙasa sun fi araha, suna da wurin ajiye mota, kuma kowanne cewa zai yi a Orvieto yake, bai kuwa yi ƙarya ba. Sai dai wadda ta kwana a ƙasa, gefen titi da layin dogo ta kwana. Akwai kuma gidajen gona da aka mai da masaukin baƙi, su ake kira agriturismo. Hotunansu sun fi na kowa kyau, ga itatuwan zaitun ga tafkin wanka, amma wanda ba shi da mota ya sauka a nan ya ɗaure kansa. Don haka kada ki tsaya ga sunan gari, ki sa a buɗe miki taswira ki ga inda ginin yake da idonki.

Daga tasha zuwa sama akwai wani ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja, suna ce masa funicolare. An fara shi a 1888, a lokacin nauyin ruwa ne ke tafiyar da shi. Aka rufe shi a 1970, aka sake buɗe shi da lantarki a 1990. Ƙofarsa na fuskantar tashar jirgi, cikin 'yan mintoci kaɗan ya haye mita 157 ya sauke ki a dandalin Piazza Cahen, inda ƙaramar bas ke kwasar mutane zuwa tsakiyar gari da wannan tikitin dai. Amma fa ba ya kwana yana aiki, tun farkon dare ake rufe shi. Wadda jirginta ya sauka Rum da la'asar, ta bi layin duba fasfo, ta jira akwati, ta shiga jirgin rabin awa zuwa babbar tashar Termini, sannan ta nemi na Orvieto, tana iya isowa ta tarar an rufe, ga yara sun yi barci ga kaya. A ganina gara a kwana Rum daren farko, a taso da hantsi.

In kuwa maigida ya ce motar haya zai ɗauka ya tuƙa da kansa, ki tuna masa da haruffa uku, ZTL. Duk inda ya ga allo mai jan da'ira da waɗannan haruffa, to an hana motar baƙo shiga. Babu ɗan sandan da zai tsare shi, kyamara ce za ta ɗauki lambar motar, bayan watanni takardar tara ta biyo shi har gida. Akwai babban wurin ajiye motoci a gindin dutsen, ana kiransa Campo della Fiera, daga nan matakala mai tafiya da kanta da lifta za su kai mutum sama. Wasu otal-otal sukan ba hukuma lambar motar baƙonsu don ya shiga ya sauke kaya, sai a tambaya tun da wuri.

Yanzu sai maganar matakala, wadda ita ce ta fi damuna. Mafi yawan masaukan da ke cikin tsohon gari gidajen attajiran da ne, wasu kuma tsofaffin gidajen masu hidimar coci, shekarunsu ɗaruruwa, doka kuma ba ta yarda a fasa irin waɗannan gine-gine yadda aka ga dama ba. Shi ya sa da yawansu ba su da lifta, waɗanda ke da ita ma wani lokaci sai an taka matakala goma kafin a kai bakinta, ko kuma a tarar mutum biyu da akwati ɗaya sun cika ta. Yawan taurarin otal ba zai gaya miki wannan ba. Sai ki rubuta musu ki tambaya filla-filla: akwai ascensore, watau lifta? Daga titi zuwa ƙofar ɗaki matakala nawa ne? Ki kuma lura, piano terra shi ne ƙasa, primo piano kuwa bene na farko ne, kuma rufin waɗannan gidaje yana da tsawo ƙwarai, hawa ɗaya nasu ya kusa biyu na gidan zamani. Mai juna biyu, da mai ciwon gwiwa, da wadda za ta tafi da tsohuwa, kada su ji kunyar wannan tambaya.

Abin da ya sa Orvieto ta fi wasu garuruwan dutse sauƙi shi ne samanta kusan a shimfiɗe yake. Babban titinta, Corso Cavour, ya ratsa ta daga Piazza Cahen zuwa tsakiya ba tare da wani hawa mai wahala ba. Unguwar yamma ce mai gangara da lunguna, ita ce kuma ta fi tsufa da ban sha'awa. Titunan duk da ƙananan duwatsu aka daɓe su, masu cin tayar akwati da dugadugan takalmi. Ki bar ƙwas-ƙwas a gida, ki bar babban akwatin nan da mukan cika kamar na lefe. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya.

Wajen zaɓen ɗaki, matrimoniale shi ne mai babban gado ɗaya na mata da miji. Idan ke da 'yar'uwarki ce, ki ce gado biyu kuke so, ki ga an rubuta. Abin da zai faranta miki rai shi ne, da wuya ki shiga banɗaki a Italiya ba ki ga ɗan kaskon tsarki mai famfo kusa da masai ba, domin tun 1975 dokar gine-ginensu ta sa shi cikin kayan banɗakin gida. Duk da haka 'yar butar roba ba ta da nauyi. Tukunyar dafa ruwa ta lantarki kuwa ba kasafai ake samunta a ɗaki ba, mai haɗa wa jariri madara sai ta tambaya ko ta tafi da tata, tare da abin haɗa fulogi, don ramukan soket nasu zagayayyu ne. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba ko'ina ba, a watan Yuli da Agusta kuwa ana zafi sosai. Sannan ga ƙararrawar coci da ta hasumiyar agogo, da hirar masu cin abinci a waje har tsakar dare. Mai saurin farkawa ta nemi ɗakin da tagarsa ke kallon tsakar gida.

Alƙibla daga can kudu maso gabas take. Ki tafi da dardumarki da jadawalin lokutan salla, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin biyar ta faɗi. Wanda ke son Juma'a a babban masallaci sai ya daidaita kwanakinsa da Rum, inda aka buɗe wani ƙasaitaccen masallaci a 1995.

Batun abinci yana son natsuwa. Mutanen Umbria sun shahara da sarrafa naman alade, kuma sunayensa da yawa: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, porchetta, salsiccia. Cinghiale kuwa aladen daji ne, shi ake yi wa taliya miya da shi a kusan kowane gidan abinci. Wanda ya fi ɓuya shi ne strutto, kitsen alade, wanda akan sa a wasu nau'o'in burodi da kayan fulawar karin kumallo. Haka kuma garin ya yi suna da farar giyar inabi, sukan zuba ta a miya, wasu kayan zaƙi ma ba su tsira ba. Ki rubuta kalmomi biyu a 'yar takarda ki riƙa nuna wa mai kawo abinci: senza maiale, ban da alade, senza vino, ban da giya. Bayan wannan akwai abin ci da yawa. Suna da wata taliya mai kauri ta ruwa da gari kawai, umbrichelli, wadda ake ci da miyar tumatir da barkono, ga miyar wake iri-iri, ga ganye da man zaitun, ga ƙwai da kifi. In za ku daɗe da yara, masauki mai ɗan kicin ya fi. Kasuwa na ci ranar Alhamis da Asabar da safe a Piazza del Popolo. Ki sani kuma gidajen abinci sukan rufe bayan na rana, ba sa sake buɗewa sai wajen bakwai da rabi, kantuna da yawa ma sukan rufe tsakanin azahar da la'asar.

Sai kuɗi. Mai neman biza ta shiga Italiya dole ya nuna shaidar masauki da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, watau ana kama ɗaki tun ba a san ko za a sami bizar ba. Otal-otal kuwa farashi biyu sukan sa: mai rahusa wanda ba a mayar da kuɗinsa, da mai ɗan tsada wanda ake iya sokewa kyauta har zuwa wata rana da aka yanka. Ki roƙi maigida ya ɗauki na biyun, ya kuma rubuta ranar a inda zai gani. A tambaya ko karin kumallo na cikin kuɗin. Akwai ɗan harajin baƙi da hukumar gari ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, sau da yawa a otal ake biyansa daban. Idan kun isa za a karɓi fasfon kowa, har na yara, a rubuta, domin doka ta wajabta musu sanar da 'yan sanda sunan duk wanda ya kwana. Mai niƙabi ta shirya nuna fuskarta a nan.

Afrilu zuwa farkon Yuni, da Satumba zuwa Oktoba, su ne lokutan da suka fi daɗi. Amma ɗakuna sukan yi wuya a makon bikin Corpus Domini na Kirista, wanda kan faɗo ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. A nan garin ne Paparoma Urban na Huɗu ya kafa bikin a 1264, ɗaruruwan mutane kan fito jerin gwano cikin tufafin mutanen da. Haka ma ƙarshen Disamba, lokacin wani bikin kaɗe-kaɗe.

Wata za ta ce, duk wannan wahala don me, ba sai a je da safe a koma Rum da yamma ba? Haka yawancin baƙi ke yi, shi ya sa da rana gaban babbar majami'ar garin, wadda aka aza harsashinta a 1290, yake cika maƙil. Da la'asar sai motocinsu su tafi, rana ta haska fuskar ginin mai adon ruwan zinariya, 'yan gari su fito yawon maraice da jikokinsu, tsofaffi su zauna hira a bakin kantuna. A garin nan aka kafa ƙungiyar garuruwa masu tafiyar da rayuwa a hankali, Cittaslow, a 1999. Wanda ya kwana a sama shi ke ganin wannan, shi ne kuma zai riga kowa isa rijiyar San Patrizio da safe. Paparoma Clement na Bakwai ne ya sa aka haƙa ta bayan ya gudo daga Rum a 1527, don kada garin ya rasa ruwa in an yi masa ƙawanya. Zurfinta mita 53, da matakala biyu masu murɗawa waɗanda ba sa haɗuwa, don jakin da ke sauka kada ya yi karo da mai haurowa da ruwa. Taki 248 ne sauka, haurowa ma kusan haka, saboda haka Hajiya sai ta zauna a lambun da ke kusa da bakin rijiyar ta sha iska, yara su shiga da babansu.

Tsarabar da ta dace da mu a can ita ce kwanonin tangaran masu zane da leshin hannu da matan garin ke saƙawa da ƙoshiya. Mai sayen tangaran ta ce a naɗe mata shi da kyau, ta sa shi a jakar hannu, kada ta jefa shi cikin akwatin da za a ja a kan duwatsun nan.