Minshari da Juwa: Kada Maganin Ɗaya Ya Tsananta Ɗayan

A zagayenmu na ƙauyukan Dambatta, Makoda da Kunci, mata sukan ce mana, "Maigida yana minshari, sai ya yi tsit kamar rai ya fita, sa'an nan ya zabura da gurnani." Idan muka tambayi maigidan, shi kukansa dabam ne. Juwa ke ɗibarsa in ya juya a kan gado, ko in ya sunkuya zai jawo guga. Mun sha ganin waɗannan cututtuka biyu a jikin mutum ɗaya, shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a kansu tare.

Ba kowane minshari ne cuta ba. Amma akwai wanda idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaronsa yakan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe. Numfashi yakan tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa cikin dare ɗaya. Mai wannan ciwo yakan tashi da ciwon kai da gajiya, ya yi ta gyangyaɗi da rana, ko a gona ko cikin sujada. In aka bar shi haka, yana jawo hawan jini da ciwon zuciya. Ya fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya.

Ita kuwa juwa, sau da yawa daga kunne take. Can cikin kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, su ne suke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda kai yake tsaye. Kusa da su akwai 'yan tsakuwoyi waɗanda suka fi ƙwayar rairayi ƙanƙanta. In suka kauce suka faɗa cikin bututu, da zarar mutum ya juya kai sai ya ga ɗaki yana zagayawa, yawanci ƙasa da minti ɗaya. Akwai kuma wata iri mai daɗewa, har sa'o'i, tare da amai, ƙara a kunne da raguwar ji. Wani likitan Faransa mai suna Meniere ne ya bayyana ta a 1861.

To, ga inda hatsarin yake. Mai juwa yakan je kemis a kasuwa, a ba shi ƙwayar da ke sa barci, irin su Valium. Wannan ƙwaya takan ƙara sakin naman maƙogwaro, ta kuma hana mutum farkawa da wuri lokacin da numfashinsa ya tsaya. Burkutu da sauran giya ma haka suke yi. Ke nan garin neman gira sai a rasa ido.

Ga shawarar da muke bayarwa:

1. A daina kwanciya rigingine. A kwanta ta gefe. In an san kunnen da ke tayar da juwar, a bar shi yana sama. Uwargida tana iya ɗinka ɗan aljihu a bayan rigar barci ta cusa totuwar masara, don ta hana shi komawa rigingine.

2. A ɗaga kai da kafaɗu da matashi biyu. Wannan yana taimakon numfashi, yana kuma rage juwa.

3. In za a tashi da dare, a zauna tukuna a bakin gado, a kunna tocila.

4. Kafin a sami magani, kada a hau rumbu ko kuka ko ɗorawa, kada a tsaya a bakin rijiya, kada a tuƙa babur.

5. Kada a kira wanzami ya yanke beli saboda minshari. Toshewar ba daga beli kaɗai take ba, ga kuma hatsarin zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Bayan wannan sai asibiti, kuma a tafi tare da uwargida, gama ita ce ta ga abin da ke faruwa da dare. A fara da asibitin Dambatta ko na Bichi, a auna jini. In da bukata za a tura mutum sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A faɗa wa likita cututtukan biyu, a nuna masa dukan ƙwayoyin da ake sha.

Juwar tsakuwa tana da magani mai sauƙi, ba allura ba ƙwaya. Likita yakan kwantar da mutum ya jujjuya kansa daki-daki har tsakuwoyin su koma wurinsu. Wani likitan Amurka, John Epley, ya fito da wannan dabara a 1980. Don ɗaukewar numfashi kuwa, akwai inji mai suna CPAP, wanda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1980. Yana hura iska ta hanci duk dare don hanya ta zauna a buɗe. Yana da tsada, yana kuma bukatar lantarki ko batirin sola, saboda haka yawancinmu za mu fara ne da gyaran kwanciya da rage ƙiba.

Muna roƙon fastoci da shugabannin zumuntar mata su karanta wannan a taronsu. Idan wata ta ce numfashin mijinta yana tsayawa da dare, kada a yi mata dariya, a taimaka mata da kuɗin mota. Allah ya ba mu lafiya, amin.