Tramol: Wanda Ya Daina Shi Ya San Hanyar Fita

A ƙasar Adar, daga Allakaye da Buza har Keita da Madawa, babu wanda bai ji labarin tramol ba. Ana sayar da shi a tire ran kasuwa. Manomi na shan shi don ya yini yana noma. Mai lambun albasa na shan shi don ban ruwa. Wasu samari sun koyo shi a wurin cin rani. Har da masu ba shanun huɗa da jakuna.

Mene ne tramol?

Sunansa na likita tiramadol. Maganin ciwo mai tsanani ne, kuma likita ne ya kamata ya rubuta shi. Ƙwaya ɗaya ta asibiti miligiram 50 ce, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Amma ta kasuwa akwai mai 225, akwai mai 250. Biyu kawai sun zarce iyaka.

Tramol ba ya ƙara ƙarfi. Ɓoye gajiya yake yi, jiki kuwa na ta lalacewa. Yawan shan shi na kawo farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. In mutum ya faɗi yana shure-shure, mu kwantar da shi ta gefe, kada mu cusa masa kome a baki, mu kai shi likita da gaggawa.

Me ya sa bari ke da wuya?

In jiki ya saba, ranar da aka rasa ƙwayar sai ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci da ɓacin rai. Shi ya sa wasu ke rantsuwa sun daina, kwana uku su koma. Wannan cuta ce, magani take so. Duka da ɗauri da mari ba su warkar da ita. Likita kan rage ƙwayar sannu sannu har jiki ya haƙura.

Tun 1999 Nijar ke da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ana kuma kama masu fataucinsu. Wannan ya yi daidai. Amma yaron da ya riga ya kamu fa? Likitocin da suka ƙware kan wannan ciwo suna manyan birane, nesa da ƙauyukanmu.

Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo

A 1935, a Amurka, wasu mashaya giya biyu suka gane cewa in suna zama tare suna ƙarfafa wa juna zuciya, bari na yi musu sauƙi. Yau irin wannan ƙungiya ta bazu a duniya. Wanda ya daina shi ke riƙe hannun mai son dainawa. Ya san daren da barci ke ƙi zuwa. Ba ya gori, ba ya tona asiri.

Mu ma mun san amfanin gayya. Tun daga 1975 aka dasa layukan bedi a fadamar Majiya don tare iska. Daga 1984, a aikin raya ƙasar Keita, mutanen ƙauyuka, galibi mata, suka jera duwatsu har faƙo ya koma gona. In an raya matacciyar ƙasa, ana iya raya mutum.

Abin da muke roƙo

Muna kira ga hukumomin Allakaye da na kiwon lafiya na Buza:

1. A nemo waɗanda suka daɗe da daina tramol, a horar da su kamar yadda ake horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye.
2. A ba su wurin taro sau ɗaya a mako, ko da ajin yaƙi da jahilci ne. Mata su samu nasu zama daban.
3. A haɗa su da likitan gari, domin su ba masu ba da magani ba ne. Rakiya da nasiha ne aikinsu.
4. A ba su ɗan alawus, a kuma sa waɗanda suka warke cikin aikin lambu da kiwo, don zaman banza ke mai da mutum baya.

Sarakuna, malamai da shugabannin fada, ku ba su goyon baya. Iyaye, in yaro ya koma sha bayan ya daina, kada mu kore shi daga gida. Mu sake raka shi wurin taro. Ranar 26 ga Yuni ce ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya. Allah ya sa ta iske kowane gari da ƙungiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.