Wa Ke Ba da Umarni a Rundunar Tafkin Chadi?

A Zuru da wuya ka samu unguwar da ba ta da ɗan da ya sa kaki. Ƙasar nan ce ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Don haka idan an ce an tura yayan wani ɗalibi "Tafkin Chadi", ya kamata mu san a hannun wa yake.

Rundunar da ke can sunanta MNJTF, wato rundunar haɗin gwiwar ƙasashe. Najeriya ta fara ta ita kaɗai a 1994, Chadi da Nijar suka shigo a 1998. Bayan Boko Haram ta ƙwace sansaninta na Baga a Janairun 2015, sai aka sake mata fasali, Kamaru da Benin suka shiga, aka mai da hedikwata N'Djamena.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, a saman tsarin farar hula ne. Shugabannin ƙasashe ke yanke shawara, ministocin tsaro da manyan hafsoshinsu su ba su shawara, Tarayyar Afirka kuma ta ba da izini. Babban sakataren Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, shi ne shugaban aikin. A ƙarƙashinsa ne kwamandan runduna yake.

Kujerar kwamandan nan sai da aka yi ja-in-ja a kanta. An so a riƙa karɓa-karɓa duk wata shida. A taron Abuja na Yunin 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi, hujjarsa ita ce yawan sauya kwamanda zai raunana yaƙin, kuma a ƙasarmu aka fi gwabzawa. Aka bar wa Najeriya kujerar, Kamaru ta samu mataimaki, Chadi ta samu shugaban ma'aikatan hedikwata. Tukur Buratai ne ya fara riƙe ta. Ko a NATO haka ake: babban kwamandanta na Turai kullum Ba'amurke ne.

Su ma'aikatan hedikwata ba harbi ne aikinsu ba. Hafsoshi ne daga ƙasashen da ke tattara bayanan sirri, su zana taswirar farmaki, su lissafa mai da abinci da harsashi, sannan su kai wa kwamanda. Wasu da Turanci aka horar da su, wasu da Faransanci, ga darajar darasin Faransancin da wasunmu ke gudu!

An raba fagen daga gida huɗu: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya, Diffa a Nijar. To a nan gizo ke saƙar. Sojojin kowane yanki galibi 'yan ƙasar ne, ƙasarsu ke biyan su albashi, ita ke ƙara musu girma. Kwamandan da ke N'Djamena yana tsara farmaki tare da su, amma ba shi da ikon hana wata gwamnati kwashe dakarunta. A ganina wannan ne babban raunin rundunar.

An kuwa gani. A Nuwamban 2024, Shugaba Mahamat Deby ya yi barazanar janye Chadi bayan wani hari da ya kashe sojojinta kusan 40. A Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta, ita da ke riƙe da yankin Diffa, daidai kan iyakar Borno da Yobe.