TUFFA: AMFANINTA DA IYAKARTA

Manoman Yashe da Kankiya da Kusada, in sun shiga Kano, sukan ga tuffa ja da koriya jere a Kasuwar 'Yan Lemo. Waɗansu har sukan rage kuɗin cefane su saya wa mara lafiya, wai ta fi kowane ɗan itace magani. To, jama'a, bari mu auna maganar.

Lalle tuffa abinci ce mai kyau. Galibinta ruwa ne, ba ta da maiƙo. A ɓawonta da tsokarta akwai abin da ke sauƙaƙa bayan gida, yana kuma ɗan rage kitsen jini. Saboda haka a wanke ta sosai, a ci har da ɓawon.

Amma ba magani ba ce. A 2015 aka buga wani bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 8,000, aka tarar masu cinta kullum ba su fi sauran ƙarancin zuwa wurin likita ba. Ba ta gina jiki kamar wake da gyaɗa. Tana da zaƙi, watau mai ciwon sukari sai ya ci da lissafi. Kada kuma a bar yara su tauna ƙwayoyin cikinta da yawa, gama akwai ɗan dafi a ciki.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Bitamin C, wanda ke ƙarfafa dasashi ya kuma taimaki rauni ya warke, bai kai miligiram 5 ba a giram 100 na tuffa. Mangwaro yana da wajen 36, gwaiba kuwa fiye da 200. Garin kwalba da kuka, wanda muke rainawa, shi ma ya fi tuffa nesa.

Itacen tuffa yana bukatar sanyi mai tsanani na makonni kafin ya yi fure sosai, abin da hunturunmu ba ya bayarwa. Shi ya sa ake kawo ta daga nesa, kamar Afirka ta Kudu, tsadarta kuwa kuɗin jirgi da mota ne.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In damina ta kankama, ka dasa gwaiba biyu da mangwaro ɗaya a bayan gida ko fadama. Ka yi musu shinge saboda awaki, ka riƙa ba su ruwa da rani. Cikin shekara uku ko huɗu yaranka za su fara tsinkar gwaiba. Mara lafiya kuwa, a kai shi asibiti tukuna, tuffa ta biyo baya.