Ranar da Kano Ta Yi Hira da Mutumin da Ke Kewaya Duniya

Mai karatu, tsaya yau a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ka gaya wa samarin da ke latsa waya cewa an taɓa hira daga Kano da ɗan sama jannati yana tsakiyar kewaya duniya. Da wuya su yarda. To, an yi. Ranar Talata ce, 20 ga Fabrairu 1962, ana tsakiyar azumi, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Me ya haɗa Kano da kumbon Amurka?

Zamani ne na kasa kunne ga sama. Wata biyu kafin nan, wasu masu harhaɗa rediyo don sha'awa a Amurka suka ƙera ɗan tauraro mai suna OSCAR 1, aka harba shi ranar 12 ga Disamba 1961. Aikinsa kawai ya riƙa maimaita gajeriyar gaisuwa da ƙit-ƙit ɗin Mos, ɗaruruwan mutane a ƙasashe daban-daban suna farautar sautin daga ɗakunansu. Amma kamo ƙarar ƙarfe daban, kamo muryar mai rai daban.

Kumbo yana gudun kilomita kusan 28,000 a awa, kuma siginar da aka fi dogara da ita miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar duniya. Da ya faɗa bayan sararin da idonka ke kaiwa, ka rasa shi. Shi ya sa hukumar NASA ta jera tashoshin sauraro 18 a kewayen duniya, wasu a kan jiragen ruwa, kowace ta karɓe shi ta miƙa wa ta gaba. Aka kafa ɗaya a tsibirin Zanzibar, ɗaya a Kano. Rabon kowace tasha 'yan mintoci ne ƙalilan.

Da ƙarfe 3:47 na yamma agogon Kano aka harba John Glenn, ɗan shekara 40, daga Cape Canaveral cikin kumbo Friendship 7. Ma'aikatan tashar Kano suna zaune da na'urar ji a kunne, eriya na fuskantar yamma, babu abin da ke shigowa sai shuuu. Minti 20 da 'yan kai, sai ga murya. Ka san abin da ya ba su labari? Ƙura! Ya ce yana hango guguwar ƙura ta turnuƙe ƙasa. Kano ta amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Hazon hunturun da ke fasa mana leɓe, shi mutumin ya hango daga nisan fiye da kilomita 150.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu yi murmushi mu watse. Ina!

Yana shiga zagaye na biyu sai wata alama ta bayyana a na'urorin ƙasa, wadda suke kira sashe na 51. Ma'anarta garkuwar da ke kare kumbo daga zafi ta kwance. Idan gaskiya ne, to lokacin dawowa, sa'ad da gogayya da iska ke mai da gindin kumbo garwashi, Glenn zai ƙone ƙurmus. Shugabannin aikin suka yanke shawarar kada a gaya masa. Aka umurci tashoshi su sa ido kan alamar, su kuma tabbatar da cewa makunnin jakar sauka, wadda ke haɗe da garkuwar, yana kashe.

Mai karatu, sa kanka a kujerar mai magana da shi. Kana jin numfashinsa a kunnenka, yana ba ka rahoto cikin natsuwa, kai kuwa ka san abin da bai sani ba game da ransa. Minti kaɗan gare ka kafin muryar ta dushe. Za ka bi umurni, ko za ka fasa ƙwai?

Glenn ba yaro ba ne. Ya yi yaƙin duniya na biyu da na Koriya a matsayin matuƙin jirgin yaƙi. Da ya ji tasha bayan tasha ana maimaita masa tambaya ɗaya, har ana tambayarsa ko yana jin wani abu na bugawa, ya gane akwai lauje cikin naɗi. Ga shi kuma na'urar saita kumbon ta fara gardama, sai da hannu yake tuƙi.

A ƙasa gardama ta kaure. Chris Kraft, daraktan tafiyar, yana ganin alamar ƙarya ce. Wasu suka ce a bar rokokin rage gudu ɗaure a gindin kumbo, ko madaurinsu zai riƙe garkuwar. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye. Dab da saukowa aka ce wa Glenn kada ya yar da rokokin. Ya tambayi dalili, aka ce ya jira. Sai a ƙarshe abokin aikinsa Alan Shepard ya faɗa masa dalilin. A ganina an zalunce shi a nan: wanda ransa ke kan siraɗi shi ya fi kowa cancantar jin gaskiya.

Sai wuta. Rediyo ya ɗauke ɗif na 'yan mintoci, duk kunnuwan duniya suka koma jin shuuu. Ta taga Glenn yana ganin gutsattsarin ƙarfe masu ci da wuta suna wucewa, bai sani ba ko rokokin ne ke narkewa ko garkuwar ce ke wargajewa. Kai da me za ka yi? Shi dai bai saki sandar tuƙi ba.

Bayan awa 4 da minti 55 da zagaye uku, ya faɗa tekun Atilantika lafiya, jirgin ruwan yaƙi Noa ya tsamo shi. Da aka bincika, garkuwar tana nan daram. Wani ɗan makunni ne ya lalace ya aiko da labarin ƙarya. Glenn bai ɓoye ɓacin ransa ba, ya nace cewa duk abin da ƙasa ta sani game da kumbo, dole a sanar da matuƙinsa nan take.